Shin za a iya ƙera kwale-kwale da soso?

Tambaya: Ni kafinta ne a Yawuri, ina so in ƙera ƙaramin kwale-kwale na kamun kifi a kogin Kwara. Na ji ana sa soso a cikin jirgi don kada ya nutse. Wane iri ya dace, kuma zan iya yin jikin jirgin gaba ɗaya da shi?

Amsa: Malam, soso iri-iri ne, kuma wanda ya fi sauƙin samuwa a kasuwa shi ne mafi haɗari. Soson katifa da na kujera ƙofofinsa, wato ƙananan ramukan da ke cikinsa, a buɗe suke, yana shan ruwa har ya ƙoshi, don haka maimakon ya ɗaga jirgi sai ya ƙara masa nauyi. Wanda ake nema shi ne mai rufaffun ƙofofi. Kafin ka saya da yawa, ka yanki guntu ka auna shi, ka danne shi da dutse a cikin bokitin ruwa na mako guda, sannan ka sake aunawa. Idan nauyinsa ya ƙaru sosai, ka bar shi.

Farin soson nan mai ƙwayoyi da ake kare talabijin da firji da shi a kwali, wato folistirin, yana iyo da kyau, amma fetur yana narkar da shi nan take, kuma jirgi mai inji ba ya rabuwa da ɗigon fetur. Gam ɗin foliyesta da masu aikin faiba (zaren gilashi da ake jiƙawa da gam ya sandare) suka saba amfani da shi ma yana cinye shi, sai dai a shafe soson da ifoksi, wani gam da ba ya cinye shi. Akwai kuma foliyuritan na jirgin ruwa, ruwa kashi biyu da ake haɗawa su kumbura su sandare. A zuba shi kaɗan-kaɗan a wuri mai iska, saboda tururinsa yana cutar da huhu, kuma idan ya yi yawa a rufaffen wuri kumburinsa na iya ɓalle katako.

Lissafin ba wuya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka lita 50 ta soso za ta riƙe kusan kilo 48 idan an cire nauyinta. Yawancin katako yana iyo da kansa, abin da ke jan jirgi ƙasa shi ne inji, da ƙarfe, da kaya. Jarka mai lita 25 da aka toshe bakinta sosai aka ɗaure ta tamau ma tana yin wannan aikin, kuma ta fi araha.

Inda za a sa soson ya fi yawansa muhimmanci. Idan aka shimfiɗa shi duka a ƙasan jirgi, to ranar da ruwa ya cika shi soson zai nemi hawa sama, jirgin ya kife. A raba shi a gefuna biyu kusa da bakin jirgin, da ƙarƙashin benci, da goshi, sannan a ƙara a baya inda nauyin inji yake. A bar hanyar da ruwa zai tsiyaye, domin katakon da soso ya manne masa da laima yana saurin ruɓewa.

Game da yin jikin jirgin da soso zalla kuwa, ban ba ka shawara ba. Masu yin hakan suna amfani da soson robar PVC mai tsada irin Divinycell, su lulluɓe shi ciki da waje da faiba, kuma ƙarfin yana fitowa ne daga wannan lulluɓin. A kogin da ke da duwatsu da kututtura, ka yi jikin da katakon da ka sani, soson ya zama madogara ranar da ruwa ya shiga.