Daga Kusuri zuwa Guwanzu: ta Adis Ababa ko ta Istanbul?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan waya a kasuwar Kusuri ta Kamaru, maƙwabciyar Njamena, bana ina so in je Guwanzu ta ƙasar Sin in saro kaya da kaina. Mai yankan tikiti a Njamena ya ba ni zaɓi biyu, ta Adis Ababa ko ta Istanbul. Wacce ta fi kusa, wacce zan yanka?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Da jirgi zai miƙe kai tsaye daga Njamena zuwa Guwanzu, tafiyar kilomita 10,300 ce ko kusa da haka. To babu mai miƙewa, dole a ya da zango. Ta Adis Ababa, zangon farko wajen kilomita 2,600 ne, na biyu 8,000, jimla kusan 10,600. Ta Istanbul sai ka haura arewa kilomita 3,500, sannan ka yi gabas kusan 7,900, jimla 11,400. Bambancin bai fi tafiyar awa ɗaya a sama ba.

Saboda haka kada kilomita ta yanke maka shawara. Abin da ke karya matafiyi shi ne zaman jira. Ka ce wa mai tikitin ya juyo maka da fuskar kwamfutar, ka ga da idonka ƙarfe nawa za ka sauka a zangon, ƙarfe nawa na gaba zai tashi. Awa biyu zuwa huɗu daidai ne. Ƙasa da haka, jinkiri kaɗan sai ka tarar an rufe ƙofa. Awa goma sha kuwa, a kan kujerar ƙarfe za ka kwana da jaka a cinya, kana sayen ruwa da dala.

Abin da na fi ja maka kunne a kai: tikiti ɗaya ka yanka tun daga Njamena har Guwanzu, zuwa da dawowa. Wasu kan haɗa maka guntu biyu na kamfanoni daban don rage 'yan sefa. In jirgin farko ya makara, na biyun ba ruwansa da kai, kuɗinka ya tafi. Ka tambayi kilo nawa aka yarje maka a dawowa, a rubuce, ba da baki ba.

Ni ta Adis zan bi in jiran bai yi tsawo ba. Ka guji Afrilu da Oktoba sai in baje kolin Kanton, wanda ake yi a Guwanzu a watannin nan, za ka je, don masauki tsada yake yi. Biza da katin rigakafin shawara su kasance a hannu kafin ka haye gadar Ngeli zuwa Njamena.

Tambaya: Tikitin ɗana ya nuna awa 17 daga Adis zuwa Guwanzu. Jirgin a hankali yake tafiya?

Amsa: A'a Hajiya, agogo ne. Guwanzu ta riga Adis da awa 5, ta riga mu da awa 7, tikiti kuwa lokacin kowane gari yake rubutawa. Ki cire biyar ɗin. In ya ce zai kira ki da safensu, ki bar wayar kusa da matashi, don tsakar dare za ta same ki.