Batirin Prius ɗina yana yawan mutuwa, in sa mai 75?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Prius 2010, kwana biyun nan da safe in na danna maɓalli ba ta kawo READY, alamar da ke nuna ta tashi, sai fitilu su cika dashbod. Wani ya ce babban batirin ne ya tafi, wlh tun daga nan hankalina bai kwanta ba don na san kuɗinsa. Mai wayarin ɗina kuma ya ce ƙaramin ne, in sayo mai 75Ah ya sa min, kuma wai mota na kunne zai canza don kar kwamfuta ta manta saitinta. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumussalam Malam. Kwantar da hankalinka, Prius haibirid ce, mai aiki da fetur da lantarki, batir biyu gare ta, kuma abin da ka siffanta ya fi kama da matsalar ƙaramin na 12V. In ya yi sanyi kwamfutocin motar sai su riƙa kawo alamu barkatai, kuma shi ke jona rile ɗin, wato makunnin da ke buɗe wa babban batir hanya, to in babu shi mota ba ta tashi ko da babban garau yake. Sa mita a kan ƙaramin da safe kafin a taɓa komai: 12.6V zuwa sama lafiya lau, in ya sauka wajen 12 ko ƙasa ya gaji. In ta kawo READY ka sake aunawa, ya kamata ka ga wajen 14, wannan ke nuna tana caji.

Mai 75 kuwa ba ka buƙatarsa. Wannan batir ba ya juya inji, motarka ba ta da kik ma, babban batir mai 201.6V ke tada injin. Ƙaramin nata na asali lambarsa S46B24R, AGM ne (rufaffen batir da asid ɗinsa ba ya zuba) mai 45Ah, kawunansa sirara ne kuma yana da ɗan rami a gefe da ake soka tiyo mai fitar da iska waje. Yana but ta baya a hannun dama, wato ɗaki ɗaya kuke zaune da shi kai da iyalinka. Ka ɗauko batir mai ruwa ka cusa a nan ba tiyo, wurin ma ba zai ci shi ba sai an daddatse, a ɗaure da igiyar roba, ga tururin asid ga iskar da ke kama wuta, da zafin Kano na watan Afrilu. In ƙari kake so nemi AGM mai kyau girman na asali, ka duba ranar da aka ƙera shi don wasu sun shekara a shago. A Ƙofar Ruwa ka tafi da tsohon a hannunka a gwada gefe da gefe, ka tabbata kan fositif yana ɓangare ɗaya.

Yanzu maganar canza batir mota na kunne, nan ne raina yake ɓaci. Kusan kullum sai na ji wannan maganar a gareji. Ɗabi'a ce da aka gada tun zamanin Fijo 504, a zare kan batir a ga ko mota za ta mutu wai ana gwada altaneta, ko a tada ta da batirin aro sannan a zare a mayar da nata. Ko a motocin yanzu masu kwamfuta ganganci ne, balle haibirid da ba ta da altaneta kwata-kwata, to me ake gwadawa? Abin da ke cajin ƙaramin batir wata na'ura ce a cikin inbata (akwatin da ke sarrafa wutar babban batir), tana sauke wutar babban batir zuwa 14V. Muddin READY na kunne wayar fositif ɗin nan wuta na bin ta ko ka cire batir, kuma wuta ce mai ƙarfi, ga wurin a matse ƙarfe ko'ina, kan wayar ya ɗan goga jikin mota kawai sai ka ji fat. In ka yi sa'a babban fiyus ne ya ƙone, in ba ka yi ba inbata ce, kuma a nan za ka gane kuɗin batir ba kuɗi ba ne. Sannan batirin shi ke shanye hawa da saukar wuta, da ka zare shi kwamfutoci ke sha. Duk don me? Don kar agogo da tashar rediyo su goge! Wannan abin da za ka gyara da yatsa a minti biyu, gilashin direba ma in ya daina hawa da kansa ka ɗaga maɓallin ka riƙe shi na 'yan daƙiƙu bayan ya rufe, shi ke nan.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 motocin nan suka yawaita, kowa ya zama gwaninsu dare ɗaya. 'Yan uwana masu wayarin ku ji tsoron Allah, mutum ya ba ka amanar motarsa, in ba ka san ta ba ka ce ba ka sani ba. Ku daina karta waya a kan batir don ganin tartsatsi, mita nawa take? Kuma waya mai ruwan lemo ta babban batir ce, ba taku ba ce, wutar cikinta kisa take yi.

Kai kuma Malam ka tsaya a kansa ranar canjin. A kashe mota gaba ɗaya, a kai makulli nesa, sifana lamba 10, a fara cire negetif, wajen mayarwa shi ne na ƙarshe, a soka tiyon iska a ɗaure batir da ƙarfensa. Kar a rufe but kafin a gama don makullinsa da wuta yake buɗewa. In an rufe bisa kuskure akwai wurin jona waya daga wani batir mai 12V don but ɗin ya buɗe, yana akwatin fiyus cikin bonet ƙarƙashin jan murfi, a duba sau biyu kar a juya wayoyin, kuma kar ka yarda a tada wata motar da shi. In za ka zauna jira kana jin rediyo bar ta a READY, don a ACC, wato kunna rediyo kawai ba tare da tada mota ba, ƙaramin batirin kake sha ba caji.