Karena kullum sai ya ajiye min mataccen tsuntsu a bakin ƙofa, lafiya kuwa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filin tambaya da amsa kan dabbobin gida. Saƙonnin wannan makon yawanci kan kare da tsuntsu suke, sai na tattara su wuri ɗaya.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni matar aure ce a Kaduna, maigida ne ya kawo mana kare saboda gadi tun yana ɗan kwikwiyo, yanzu ya girma ya wuce shekara. Abinci kam safe da yamma muke bashi, sauran tuwo da ƙashi har da kan kifi, wallahi ba yunwa yake ji ba. Amma ƴan watannin nan sai in fito da asuba in tarar da matacciyar kurciya ko wani ɗan tsuntsu a bakin ƙofar kicin, shi kuma yana gefe yana ta kaɗa jela kamar wanda ya yi abin kirki, kuma baya ci fa, ajiyewa kawai yake. Surukata da ta zo ta gani ta ce wannan ba lafiya ba, jifa ne ake mana, a kori karen. Maigida ya zane shi da bulala amma bai daina ba. Dan Allah mene ne wannan?

Amsa: Hajiya ki kwantar da hankalinki, ki kuma lallaɓa Mama cikin ladabi ta kwantar da nata, babu wanda ya jefe ku. Karenki farauta yake yi, kuma farauta a wurin kare ba ruwanta da yunwa, shi yasa duk tuwon da kike loda masa bai hana komai ba.

Asalin kare daga kyarkeci yake, kuma ya daɗe da mutane fiye da kowace dabbar gida, tun kafin akuya da tunkiya da saniya. A 1914 an tono wani kabari kusa da birnin Bonn a Jamus aka samu namiji da mace da kare an binne su tare, shekarun kabarin sun kai 14,000. Duk wannan zaman da ya yi da mu bai goge abin da ya gada ba, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Idan kika tsaya kika lura da shi in kurciyoyi suka sauka tsakar gida za ki ga abin a jere: zai ɗaga kunne, ya kafe su da ido, jikinsa ya ƙame, ya sunkuyar da kai ya fara sanɗa yana ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya, sai ya zabura, ya cafke, ya girgiza kai da ƙarfi. A wurin kyarkeci daga nan sai yagawa da ci. Kowane mataki a ciki daɗinsa yake ji shi kaɗai, ko da babu ci a ƙarshe, kuma da yawan karnukan gida a kan cafka da ɗauka suke tsayawa, kamar naki.

Mutane ma da gangan suka riƙa zaɓen karnuka su tsaya a inda suke so. Karnukan kiwon tumaki na Birtaniya an bar musu kafe ido da sanɗa da kora amma an rage musu cizo, da haka suke kaɗa garke. Irin su Labrador, wanda kakanninsa na masunta ne a tsibirin Newfoundland na Kanada, da Golden Retriever da aka samar a Scotland a shekarun 1860, aikinsu kenan tun asali, maharbi ya harbo agwagwar ruwa su je su ɗauko ta a baki su kawo ba tare da sun tauna ba. Idan naki yana da jinin waɗannan, toh aikin kakanninsa yake miki kyauta. Mu ma nan ba baƙon abu bane. Karen Azawak na Buzaye a Nijar da Mali, dogon nan siriri mai shafaffen ciki, da ido yake farauta ya bi zomo har da barewa da gudu, kuma duk wanda ya taso a ƙauye ya san yadda ƴan farauta ke fita da ayarin karnuka in an gama girbi rani ya shiga.

Sai maganar me yasa bakin ƙofarki. Za ki ji mutane a intanet suna cewa kyauta ce yake kawo miki don yana sonki. Ni dai ban cika yarda da wannan ba duk da yana da daɗin ji. Abin da ya fi kama hankali shi ne kare in ya samu abu mai daraja a wurinsa kai shi yake inda ya fi jin aminci, kamar yadda kyarkeci ke kai nama raminsa, wasu ma tona ƙasa suke su binne don gobe. Ƙofar kicin nan ne inda abinci ke fitowa, nan ne inda kike. Sannan ranar farko da ya kawo kin yi ihu, yara sun taru, kowa ya bar abin da yake ya dawo kansa, toh a lissafin kare wannan riba ce. Kuma ba kowane tsuntsu ne shi ya kashe ba, hancinsa yana jin mushe daga nesa inda ke ba ki ji komai, wani tsintowa kawai ya yi.

Bulala kuma ki roƙi maigida ya ajiye ta. Kare yana haɗa hukunci ne da abin da yake yi a daidai lokacin, ba da abin da ya yi tun cikin dare ba. Wannan maƙe jela da sunkuyar da kai da muke cewa ya san ya yi laifi, wata mai bincike a Amurka Alexandra Horowitz ta gwada shi a 2009, ta ga karnukan da ba su yi komai ba ma haka suke yi muddin mai su ya yi musu faɗa. Tsoro ne kawai. Abin da duka zai koya masa shi ne ya ɓoye tsuntsun bayan tankin ruwa sai wari ya ishe ku, ko ya hanzarta haɗiye shi in ya hango ku, wanda shi ne mafi haɗari.

Abin yi shi ne musaya. In kin ganshi da abu a baki kar ki bi shi da gudu, wasa zai ɗauka, ki tsaya ki nuna masa ɗan nama ki ce "saki", yana saki ki bashi, ki fara koya masa da tsohon takalmi ko ƙwallo tun kafin ranar tsuntsu ta zo, kullum ƴan mintuna sun isa. Sannan ki duba me ke kawo kurciyoyin. Sau da yawa wurin wanke-wanke ne, shinkafar da ta zube a bakin kwata, ko tsabar gero inda aka yi tankaɗe ko aka shanya hatsi. A share wurin da yamma, da sassafe kuma lokacin da tsuntsaye ke sauka a riƙe shi a ɗakinsa ko a ɗaure har rana ta ɗaga. Kuma a samu yaro ya riƙa fita da shi da igiya yana gajiyar da shi, don karen da ya wuni a ɗaure ba motsi duk abin da ya gifta in an sake shi abin bi ne.

Tambaya: Salam Likita, daga Haɗeja nake. Karen gonarmu ya shigo da makwarwa a baki, ƙatuwa mai ƙiba, ta riga ta mutu amma jikinta da ɗumi. Ƙannena suka ce mu fige mu gasa ai abin da kare ya kamo halal ne, ni kuma na hana, har yanzu suna jin haushina. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa kai ka fi su gaskiya, ta fuska biyu ma. Ƙannenka sun ji rabin magana ne. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo wa mai ita, kuma a hadisin Adiyyu bin Hatim an nuna sharaɗin, kai ne za ka saki karen da ka horar kuma ka ambaci sunan Allah. Karen da ya fita yawonsa shi kaɗai ya dawo da matacciyar tsuntsuwa ba wanda ya aike shi ba wanda ya yi bisimilla, wannan mushe ce. Da ya kawo ta da ranta kuka yanka, da magana ta canza. Sauran rassan mas'alar ku kai wa malaminku, ni nawa fannin dabbobi ne.

Ta fuskar lafiya kuwa abin da za ka fara tambaya shi ne me ya kashe ta, ko me ya sa ta kasa tashi har kare ya cim mata, don makwarwa mai lafiya ba ta cika bari a kama ta haka kawai ba. Ku a yankin Haɗeja kun san feshin da ake wa tsuntsayen jan baki in sun addabi shinkafa da gero da dawa, har da jirgin sama ake yi, kuma maganin ba ya tambayar tsuntsu sunansa kafin ya kashe shi. Ga masu zuba guba a hatsi saboda ɓera. Duk wanda ya ci tsuntsun da guba ta kashe, kare ne ko mutum, zai iya kwasar rabonsa. Sai murar tsuntsaye nau'in H5N1, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka a watan Fabrairun 2006 a wata gonar kaji a Jaji jihar Kaduna, a watan nan kuma aka same ta a Magariya ta jihar Damagaram, kuma tun daga lokacin tana lafawa tana dawowa. Kare kan iya kamuwa in ya ci tsuntsun da ke ɗauke da ita, an taɓa tabbatar da haka a Tailan a 2004, kodayake kyanwa ta fi shi saurin kamuwa.

In hakan ta sake faruwa ka sa hannu cikin leda ka ɗauke, ka binne da zurfi inda ba zai tono ba ko ka ƙona, ka wanke hannu da sabulu, kar a bar yara su yi wasa da gashin. In karen ya riga ya ci ka sa masa ido ƴan kwanaki. Amai ko zawo sau ɗaya kan wuce, amma in ka ga yana dalalar da miyau, jiki na rawa, ko ƙafafun baya sun fara shanyewa yana jan gindi, ka kai shi asibitin dabbobi a ranar, kar ka tsaya ɗura masa manja ko madara, ba sa karya guba kuma suna iya sarƙe shi. In kuma ka ga tsuntsaye ko kaji na mutuwa da yawa a unguwa ka sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Tambaya: Likita karena ya kashe kajin maƙwabcina har sau biyu, zumuncinmu na neman lalacewa. Wani dattijo ya ce in ɗaura masa matacciyar kazar a wuya har ta ruɓe, wai daga nan ba zai sake kallon kaza ba. In gwada? Daga Zariya.

Amsa: Malam kar ka gwada. Dabarar nan tsohuwa ce, har a ƙauyukan Turawa ana yinta, amma an gina ta ne a kan tunanin cewa kare na ƙyamar wari yadda muke ƙyama, alhali shi da kansa yake neman mushe ya yi birgima a kai. Abin da za ka samu shi ne ƙudaje da tsutsa a wuyansa da gidan da ba ya shiguwa, in ya kai bakinsa ga ruɓaɓɓen naman kuma ga ciwo.

Gaskiyar da ba za ka so ji ba ita ce karen da ya ɗanɗana kashe kaza da wuya ka sake amince masa shi da kaji ba kowa a wurin, ko ka horar da shi. Kaza tana da duk abin da ke tayar masa da jini, gudu da fuffuka da kuka. Ana iya rage abin, ka riƙe shi da igiya nesa da kajin, duk lokacin da ya kalle su ya juyo ya kalle ka ka bashi ɗan nama, a hankali kana matsowa, amma wannan aikin makonni ne kuma ba ya maye gurbin katanga. Ka toshe inda yake fita, ka gyara ƙasan get ɗin in da rami, kar a sake shi sai kaji sun shiga akurki. Sannan ka je da kanka ka biya maƙwabcinka kuɗin kajinsa tun kafin ya tambaya, ko ya ce ya yafe ka matsa ya karɓa, domin da yawan karnukan da ake sa wa guba a unguwanni daga irin wannan rigimar abin ke farawa.

Tambaya: Ni tsorona haukan kare, zai iya ɗauka daga mataccen tsuntsu? Ina da ƙananan yara.

Amsa: A'a ƴar'uwa, ta nan kam ki sha kuruminki, ciwon haukan kare na dabbobi masu shayarwa ne, ta cizo da miyau yake yaɗuwa, yawanci daga wani karen. Amma karen da ke fita ya kamo tsuntsu yana haɗuwa da karnukan bola a hanya, kuma wata rana jemage zai kawo ba kurciya ba, shi kuwa jemage yana shayarwa kuma yana iya ɗaukar ƙwayar cutar ko danginta. Saboda haka a yi masa allurar rigakafi tun yana wata 3 a kuma riƙa sabuntawa duk shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ma tana haɗa allurar, ki tambaya a asibitin dabbobi mafi kusa, wasu jihohin kan yi ta kyauta wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. In kuma kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15 sannan a wuce asibiti nan take, kar a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace.