Zan iya mayar da motata ɗakin kwana mu zaga ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, kuma ina da bas ƙirar Hiace wadda na daina lodi da ita. Na ga yadda Turawa ke sa gado da wurin girki a cikin mota su tafi yawon buɗe ido. Ina so in yi haka, in nuna wa iyalina wuraren shaƙatawa da tsofaffin gadoji a kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. Abin zai yiwu a ƙasar nan? (Mai karatu daga Agege)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Zai yiwu, kuma niyyar ta burge ni, domin yaranmu da yawa an haife su a Legas amma ba su san ta ba sai ta tagar danfo. Sai dai a Amurka da Turai akwai filaye na musamman da irin waɗannan motoci ke kwana, da ruwa da lantarki da masu gadi, abin da da wuya ka samu a hanyoyinmu. Saboda haka tun kafin ka tayar da mota ka san inda za ku kwana, ko gidan ɗan'uwa ko harabar otal mai katanga. Kada ka kunna janareta ko murhun gas a cikin mota a rufe, domin hayaƙinsu yana kisa cikin barci ba tare da mutum ya ji wari ba.

Shawarata ita ce ka fara gwada motar a nan gida. Ku fita da sassafe ranar Lahadi, kafin cunkoso ya taso, ku bi Gadar Carter da ta haɗa Iddo da Idumota, wadda aka fara ginawa a 1901 aka kuma sake gina ta daga baya. Ku dawo ta gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, da aka kammala a 1990. Daga kanta yara za su hango gidajen Makoko a tsaye bisa turaku cikin ruwa, hayaƙin bandar kifi yana tashi, kwale-kwale suna ratsawa a tsakaninsu. Kallon daga cikin mota ake yin sa, ba a tsayawa a kan gada. Wata ranar ku je gandun Lekki, inda akwai gadar igiya mai tsawon mita 401 a saman itatuwa, amma a riƙe ledar abinci da kyau, don birai na fizge ta daga hannun yaro.

Idan motar ta nuna lafiyarta ƙalau, sai a kama hanyar Ibadan da Ilori zuwa Jebba, inda gadar jirgin ƙasa ta zamanin Turawa ta ratsa kogin Kwara. Kafin a gina ta, a jirgin ruwa ake tsallakar da taragai. Da rana kawai za ku riƙa tafiya, ban da dare, kuma ka tambayi direbobin tasha hanyar da ke da tsaro a makon da za ka tashi. In kun isa Kaduna lafiya, ku shiga lambun Gamji a bakin kogi. A ciki akwai ƙaramar gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga, wadda aka gina a Zungeru a 1904 kafin a kwance ta a kawo ta nan.