Dogayen 'yan gefe a ƙwallon kwandon jami'a

Ɗan'uwa ka tambaya me yasa kociyoyin jami'o'in Amurka ke rububin dogayen 'yan gefe, wato 'yan ƙwallon kwando masu wasa ta gefen fili, kuma ya suke gina su. Toh maganar gaskiya difens ne, wato tsaron gida, yaro mai ƙafa 6 da inci 6 zuwa 8 mai dogayen hannuwa zai tsare gajere mai gudu ya kuma tsare ƙato a gindin kwando, in an yi musayar mutumin da ake tsarewa baka da fargaba. Shi yasa koci ke duba tsawon hannu da saurin ƙafa tun kafin ya duba harbi, don harbi ana koyon shi, Kawhi Leonard a jami'ar San Diego State ko kashi 30 baya ci a harbin maki uku amma kaga yadda ya ƙware a NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka.

Wajen ginawa kuwa ni dai jami'ar Villanova ce ke burge ni wallahi. Mikal Bridges ya zo siriri, koci Jay Wright ya ajiye shi kakar 2014-15 gaba ɗaya bai buga ba, ɗaga ƙarfe da atisaye kawai, daga nan ya ci kofin jami'o'in Amurka a 2016 da 2018 aka ɗauke shi na 10 a zaɓen sabbin 'yan wasan NBA. Shima koci Leonard Hamilton a jami'ar Florida State daga benci ya riƙa sako Patrick Williams, a 2020 aka ɗauke shi na 4.

Abinda ke damuna yanzu tun 2021 yaro na iya canja makaranta ya buga nan take, ga kuɗin talla, da ka ce ya zauna shekara guda sai wata makarantar ta janye shi.