Likita Ya Ce Ba Komai, Mara Kuwa Ba Ta Daina Ciwo Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 26, aurena shekara biyu, ban samu haihuwa ba tukuna. Tun ina sakandare nake fama da ciwon mara lokacin al'ada, a gida aka ce in na yi aure zai daina. To ga auren, ciwon sai ƙaruwa yake. Kwana biyu kafin jini ya zo yake farawa, wani lokaci har da amai, in zan yi bayan gida a kwanakin kuwa ji nake kamar ana yanka ni. Sau uku ina zuwa wurin likita ɗaya. An yi mini sikanin ya ce mahaifata lafiya lau, ya rubuta maganin sanyi. Zuwan ƙarshe cewa ya yi in daina sa abin a raina, kowace mace haka take. Laifi ne in nemi wani likitan? In na je me zan ce masa? *Wata mai karatu daga Gusau*

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa, sannu da fama, Allah Ya ba ki lafiya. Ba laifi ba ne, haƙƙinki ne. Su kansu likitocin suna tura wa juna marasa lafiya kullum. Kuma ba kowace mace ce haka take ba. Ciwon al'ada na yau da gobe kwana ɗaya zuwa uku yake yi, maganin rage zafi yana kwantar da shi, ba ya hana aiki. Wanda ke riga jini zuwa, yake tsananta shekara bayan shekara, yake taɓa bayan gida ko kwanciyar aure, wannan sai an bi sawunsa.

Abin da kika lissafa ya yi kama da endometiriyosis, ko da yake ba a yanke hukunci daga wasiƙa. Wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta: a kan ƙwan mace, bayan mahaifa, jikin hanji ko mafitsara. Duk wata yana kumbura yana zub da jini inda babu mafita, a hankali gaɓoɓin su riƙa mannewa da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana damun kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa, wato kimanin miliyan 190. Ga inda ake yawan tuntuɓe: sikanin da ake yi ta saman ciki yana iya nuna ƙarin mahaifa ko ƙullutu a ƙwai, amma ƙananan tsiron nan da ke shimfiɗe a bangon ƙugu sau da yawa ba ya ganin su. Don haka "sikanin ya fito lafiya" ba ya nufin babu ciwo.

Batun maganin sanyi kuma, a ganinmu an mayar da "infekshin" amsar kowane ciwon mara. In an ba ki maganin kashe ƙwayoyin cuta kin shanye shi yadda aka tsara, ciwon bai motsa ba, maimaita shi ba tare da gwaji ba asarar kuɗi ce, ga shi yana janyo ƙaiƙayin gaba.

Wanda za ki nema shi ne ƙwararren likitan mata, ba wani babban kemis ko wani ƙaramin asibitin unguwa ba. Ana samun su a asibitocin ƙwararru na jiha, cibiyoyin lafiya na tarayya, da asibitocin koyarwa irin na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Yawanci sai da takardar turawa ake ganin su. Ki nemi likitanki na farko ya rubuta miki, cikin ladabi, ba sai da rigima ba. In ya ƙi, ki yanki kati a sashen ganin marasa lafiya na babban asibitin, daga nan za su tura ki.

Kada ki tafi hannu rabbana. Ki sami ƙaramin littafi, al'ada biyu ko uku a jere ki riƙa rubuta ranar da ciwo ya fara, ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, ƙarfin ciwon daga 1 zuwa 10, audugar mata nawa kika canza a yini, ko akwai gudaji, da kwanakin da kika kasa tashi. Ki haɗa da takardar sikanin ɗin, sakamakon gwaje-gwaje, da kwalayen duk abin da kika sha, har jiƙe-jiƙe, tsimi da maganin matsi. Kada kunya ta sa ki ɓoye waɗannan. A gaban likita ki bar "ciwon mara nake yi" kawai, ki ce: "Wata uku ke nan, kowane wata kwana huɗu ba na iya girki, maganin rage zafi na ibuprofen ba ya yi mini, kuma ina jin zafi can ciki lokacin kwanciyar aure." Sannan ki tambaya: me kake zargi, me gwajin da aka yi ya kore, in wannan maganin bai yi aiki ba cikin wata uku sai kuma me?

Za a iya duba ki ta gaba, kuma kina da damar neman likita mace ko a tsayar da ma'aikaciyar jinya a ɗakin. Sikanin da ake yi ta gaba ya fi na saman ciki ganin ƙwai da bayan mahaifa. In shi ma bai nuna ba, akwai lafaroskofi: a sa ki barci, a ɗan huda kusa da cibiya, a zura siririyar kyamara a duba da ido, wani lokaci ma a cire tsiron a nan take. Ba kowa ake yi wa ba, ana iya fara magani kafin a kai can. Tun farko ki faɗa wa likitan kina neman haihuwa, domin magungunan da suka fi kwantar da wannan ciwo suna hana ɗaukar ciki muddin ana shan su. Da yake an wuce shekara guda babu ciki, ya kamata a haɗa binciken, maigida ma a yi masa gwajin maniyyi.

Akwai halin da ba a jiran littafi ko layin ganin ƙwararre. Ciwo mai tsanani da ya taso farat ɗaya a gefe guda na mara, musamman in al'ada ta yi jinkiri, ga jiri, suma ko ciwon kafaɗa, yana iya zama ciki ne a wajen mahaifa ko murɗewar ƙwai. Haka zazzaɓi mai zafi da ruwa mai wari, ko jinin da ke jiƙe auduga cikin awa ɗaya. A wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Likita, 'yata shekararta 15, duk wata sai ta rasa makaranta kwana biyu saboda ciwon mara na al'ada. An ce ƙuruciya ce. Tsorona kada a ce za a duba ta ta gaba, budurwa ce. *Wata uwa daga Maraɗi*

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, yarinya irinta ta saman ciki ake yi wa sikanin, ta sha ruwa mafitsara ta cika kafin a fara. A gwada ibuprofen miligiram 400 sau uku a rana bayan cin abinci, a fara kwana ɗaya kafin jinin ya zo ko da alamar farko, a ci gaba kwana biyu zuwa uku. Kuskuren da ake yi shi ne jira sai ciwo ya kankama, lokacin sinadarin da ke murɗa mahaifa ya riga ya taru. Mai olsa, ciwon ƙoda, ko asmar da irin wannan magani ke tayarwa kada ta sha, kuma a nisanci tiramadol. In an yi haka wata uku tana nan tana rasa makaranta, ko kuwa ciwo na zuwa duk wata alhali jinin bai taɓa fitowa ba, a kai ta wurin likitan mata.