Tambaya da Amsa: Takardar Jin Ra'ayi Kafin a Yanka Sabon Yanki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Amurka, kuma shekara guda ke nan da wata abokiyar karatuna ta ja ni cikin ƙungiyar Society for Creative Anachronism, inda muke sa tufafin mutanen da, muna ɗinki da girki irin nasu, wasu kuma suna fafatawa da sulke da garkuwa. Kwanan nan aka aiko mini da takarda ana tambaya ko na yarda a haɗa rassan da ke kewayenmu su zama yanki guda mai yarimansa a ƙarƙashin masarautarmu. Ni baƙuwa ce, shin ya dace in sa baki? Me ya sa ma abin wasa zai buƙaci ƙuri'a? Daga wata mai karatu a Amurka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tunda kin biya kuɗin rajista har sunanki ya shiga jerin waɗanda aka aika wa takardar, kina da hakkin amsawa daidai da wanda ya shekara talatin a ciki, kuma ina ganin amsawar ta fi shirun amfani.

Wannan ƙungiya, wadda ake taƙaita sunanta da SCA, ta samo asali ne daga wata gasa da wasu matasa suka shirya a bayan wani gida a garin Berkeley na jihar Kalifoniya ranar 1 ga Mayun 1966, aka yi mata rajista a 1968 a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba. Aikinta shi ne raya sana'o'i da al'adun da suka gabaci shekarar 1600, kuma ko da yake Turai ce ta fi rinjaye, ƙofa a buɗe take ga sauran duniya, ta yadda babu abin da zai hana ki fito da shigar Bakanuwa ta zamanin Muhammadu Rumfa. Yau ta kasa duniya zuwa masarautu 20. A al'adance masarauta tana samun sarkinta ne ta hanyar gasar da ake yi da sandunan ratan, wato irin karan da ake saƙa kujeru da shi, kuma a mafi yawansu wanda ya yi nasara wata shida yake yi a kan karaga ya sauka.

A nan ne amsar tambayarki ta biyu take. Kambin da sarki yake sawa na wasa ne, amma filin da ake haya domin taro, da inshorar da ke kare masu fafatawa, da asusun banki, da rahoton kuɗin da ake miƙawa sama, babu na wasa a cikinsu, kuma duk masu yin wannan hidima 'yan sa-kai ne waɗanda ba a biyan su ko sisi. Shi ya sa kundin dokokin ƙungiyar, wanda suke kira Corpora, ya gindaya sharuɗɗa ga kowane mataki: ƙaramin reshe yana buƙatar aƙalla mambobi 5, gundumar da baron, wato mai sarauta kamar hakimi, ke shugabanta 25, yankin yarima irin wanda ake tambayarki a kai 100, cikakkiyar masarauta kuwa 400. Adadin kawai bai wadatar ba, domin dole a ga cewa akwai jami'ai masu riƙe da ofisoshi, a ga tarihin tarukan da aka saba shiryawa, a yi wa suna da tambari rajista, sannan a nuna cewa mutanen wurin sun haɗu a kan son wannan sauyi. Takardar da ke hannunki ita ce hanyar auna wannan sharaɗi na ƙarshe.

Sai dai ki sani cewa wannan ba zaɓe ba ne irin wanda mai rinjaye da ƙuri'a ɗaya yake lashewa. Jin ra'ayi ne, kuma sakamakonsa shawara ce da za a ajiye a gaban sarki da sarauniya da babban jami'in gudanarwa da suke kira seneshal, daga nan batun ya wuce zuwa hukumar daraktocin ƙungiyar baki ɗaya, wadda ita ce ke da kalmar ƙarshe a kan yankin yarima ko sabuwar masarauta. Masu duba takardun ba yawan “na yarda” kaɗai suke ƙirgawa ba. Suna duban mutum nawa ne suka damu har suka mayar da takardar, da kuma daga ina “ban yarda ba” take fitowa, domin idan duk masu ƙi sun taru a gari ɗaya na bakin iyaka, to alama ce cewa an ja layin taswirar a inda bai dace ba. A Amurka da lambobin gidan waya ake shata iyakokin rassa, saboda haka adireshin mutum ne ke yanke inda za a lissafa shi, ko da abokansa duka suna ɗaya ɓangaren. Kason amincewar da ake nema da yadda ake ɗaukar ra'ayin masu zuwa taro ba tare da rajista ba, kowace masarauta da tsarinta, kuma takardar da ta zo miki ya kamata ta bayyana naku.

Abin da za a samu idan an amince a fili yake. Mutanen da sarki bai cika kai musu ziyara ba saboda nisa za su sami yarima da gimbiya kusa da su, da fada da lambobin girmamawa nasu, kuma matasan 'yan gasa za su sami karagar da za su nema ba tare da tuƙin kwana guda ba. Abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba shi ne nauyin. Sabon yanki yana nufin sabon ma'aji, sabon sanƙira mai kula da sunaye da tambura, sabon mai sa ido a filin fafatawa, da kuɗin kambi da kujerun sarauta da tutoci, ga gasar zaɓen yarima da bikin naɗinsa da za su riƙa dawowa kowace shekara suna cinye ranakun da rassa suka saba yin nasu tarukan. Sau da yawa mutanen da za su ɗauki wannan kaya su ne dai waɗanda tuni suke riƙe da ofisoshin rassa, kuma idan aka ɗora wa jaki kaya biyu, ba a daɗe ba zai kwanta.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ki yi wa masu neman sauyin kai tsaye: shin a nan za a tsaya, ko sharar fage ce ta ɓallewa? Tarihin ƙungiyar ya nuna duka biyun. Drachenwald, wadda ta ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, yankin yarima ce a ƙarƙashin Masarautar Gabas ta gabashin Amurka da Kanada kafin ta tsaya da ƙafarta a 1993. Lochac, wadda yau ta ƙunshi Ostareliya da Niyuzilan, ta fita daga Masarautar Yamma mai cibiya a Kalifoniya a 2002, Avacal ta yammacin Kanada kuma ta fita daga masarautar An Tir a 2015. A gefe guda, yankin Oertha na Alaska ya shafe shekaru masu yawa a ƙarƙashin Masarautar Yamma bai tafi ko'ina ba. Babu aibi a kowanne daga cikin biyun, amma bai kamata a sa mutum ya sa hannu a kan abu guda alhali wani abin ake nufi ba.

Saboda haka kafin ranar rufewa, ki je taron reshenku ki tambayi su waye suka riga suka yi alkawarin riƙe ofisoshin, nawa ne a asusu, kuma me rassan da ke nesa da tsakiyar yankin suka ce. Idan aka amsa miki da sunaye da alƙaluma, sai ki yarda da zuciya ɗaya. Idan kuwa maganar ba ta wuce kyan tambari da daɗin samun yarima ba, to “ba yanzu ba” amsa ce mai mutunci, kuma galibi akwai gurbin sharhi a ƙasan takardar inda za ki rubuta dalilinki. Ki bi umarnin da ke kanta wajen sa suna da lambar rajista, domin takardar da ba a iya tantance mai ita ba tana iya faɗawa cikin waɗanda ba za a ƙirga ba.